Amsar Wasiƙunku: Turanci Ba Iri Ɗaya Ba Ne

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke sarin shanu a kasuwar Mai'adua yana kaiwa Legas ya aiko da tambaya. Ya ce wani mahauci ya yi alkawarin biyansa "next tomorrow", ɗansa da ke sakandare kuwa ya ce babu wannan a Turanci. Shin gobe ake nufi, ko yaudara ce?

AMSA: To Alhaji, madalla da wannan tambaya. Jibi ake nufi. Shi ma yaron yana da hujja, domin Baturen Ingila "the day after tomorrow" yake cewa. Sai dai maganar ta zauna daram a ƙasar nan, har babban ƙamus na Oxford ya shigar da ita a 2020 cikin kalmomin Nijeriya 29, tare da "okada" da "Kannywood".

Ka san Hausar Daura dabam take da Sakkwatanci ko Hausar Damagaram. To haka Turanci yake, kowace ƙasa da irin nata salon maganar.

A nan gida, idan mutum ya ce "I am coming" ya juya ya tafi, "ina zuwa" ɗinmu ce ya yi da Turanci, Bature kuwa sai ya tsaya yana mamaki. "Jara" da ake roƙo a kasuwannin Kudu gyara ce. "Dash" kyauta ce. "Kola" goro ne, amma a bakin wasu ma'aikata cin hanci ake nufi. "Long leg" ba doguwar ƙafa ba ce, hanya ce, wato sanin manya. Idan an ce ciniki ya samu "K-leg", an sami tangarɗa. "419" kuma lambar sashen dokar zamba ce ta zama sunan ɗan damfara.

A Ingila, "a pig in a poke" alade ne a cikin buhu, wato sayen abin da ba ka gani ba. Mu kuwa mun ce ba a cinikin biri a sama.

A Amurka, idan an ce kaya ya ci "an arm and a leg", hannu da ƙafa, ɗan karen tsada gare shi. Manoma kuma ku lura: "he bought the farm" ba gona ya saya ba, mutuwa ya yi. Kada ka je yi wa iyalinsa barka.

A Afirka ta Kudu, "just now" ba yanzun nan ba ne, an jima ne, wani lokaci ma an jima sosai.

Abin lura dai, ba a fassara irin wannan magana kalma-kalma. Bahaushe ma in ya ce wane ya yi ɓatan kai, ai kan nasa yana nan a wuyansa. Saboda haka in dai maganar kuɗi ce, kada kunya ta hana ka tambaya. A faɗi ranar biya da sunanta, Talata ko Laraba, a rubuta adadin a takarda gaban shaidu. Matambayi ba ya ɓata.

Da fatan an gamsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.