Allon da ke nuna magungunan da likitoci suke rubutawa

A ƙasar Ingila, gwamnati ce take riƙe da aikin lafiyar jama'a tun shekara ta 1948. Idan marar lafiya ya je wurin likita, sai a rubuta masa takardar magani, wato ordonansi. Ya kai ta farmasi, a ba shi magani. Daga baya hukumar lafiya ta biya mai farmasi. Saboda haka kowace takarda tana shiga lissafi. Cikin shekara guda ana rubuta magani fiye da sau miliyar 1.

Tun 2011 hukumar take fitar da wannan lissafi a fili. Yanzu kowane wata ake fitar da shi. A ciki akwai sunan gidan likita, da sunan magani, da yawansa, da kuɗinsa. Babu sunan marar lafiya ko ɗaya.

Amma lissafin ya yi yawa ƙwarai. Na wata guda ma layi miliyoyi ne. Ko gwanin karatu ba ya iya bin sa da ido.

Mine ne wannan allo?

A 2015, wani likita mai suna Ben Goldacre da abokan aikinsa na jami'ar Oksford suka buɗe wani shafi a intanet. Sunansa OpenPrescribing. Kowa yana iya duba shi kyauta, a kwamfuta ko a salula.

Mutum zai rubuta sunan magani, ya zaɓi gari ko gidan likita. Nan take kwamfuta ta mai da lambobi zane. Layi ya hau, an ƙara rubuta maganin. Layi ya sauka, an rage. Akwai kuma taswirar ƙasa mai launi, wadda take nuna yankin da ya fi amfani da maganin. Haka likita yake gwada aikinsa da na sauran likitoci.

Ina amfaninsa?

Na farko, tattalin kuɗi. A 2012 an binciki lissafin maganin rage kitse cikin jini. Aka ga likitoci da yawa suna rubuta mai tsada, alhali akwai mai araha da ke aiki iri ɗaya ga yawancin mutane. Kuɗin da za a iya tsimi sun kai wajen fam miliyan 200 a shekara.

Na biyu, kare lafiya. Antibiyotik magani ne mai kashe ƙwayoyin cuta. Idan ana shan sa barkatai, ƙwayoyin sai su saba da shi, ya daina aiki. Allon yana nuna gidan likitan da ya cika rubuta shi, don a gyara da wuri.

Sai dai zane ba alƙali ba ne. Likitan da ke duba tsofaffi da yawa, dole ya fi wani rubuta magani. Don haka ana auna yawan magani da yawan mutanen da kowane gidan likita yake dubawa. Bayan nan a tambayi dalili kafin a zargi kowa.

Abin da ya shafi mutanen karkara

Masana sun ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. In aka duba yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina wannan hasara.

Maganin da aka saya a teburin kasuwa ba ya shiga lissafin kowa. Ba wanda ya san yawansa, ba wanda ya san ingancinsa. Wanda aka rubuta a gidan likita kuwa yana da shaida. Saboda haka marar lafiya ya tafi gidan likita. Ya sha magani yadda aka rubuta masa. Ya adana takardarsa, ya karanta ta da kansa, ya nuna ta idan ya koma.