SILIMAN GASKIYA DA ƘISHIRWAR ADAR

A cikin fina-finai akwai wani iri da ba wasan kwaikwayo ba ne. Ba a ƙaga labarinsa, ba a ɗaukar 'yan wasa. Mai ɗaukar hoto yakan zauna cikin mutane wata da watanni, ya ɗauki rayuwarsu yadda take. Shi ne muke kira siliman gaskiya. A yau da yawa daga irin waɗannan fina-finai suna magana ne bisa canjin yanayi: hayaƙin gawayi da na man fetur da ke taruwa a sama yana riƙe zafin rana, har damina ta rikice, ruwa ya makara ko ya zubo gaba ɗaya ya yi ɓarna. Jihar Tawa tana cikin wuraren da masu wannan aiki suka nufo.

A shekarar 2021 aka nuna fim ɗin Aïssa Maïga mai suna Marcher sur l'eau, wato tafiya bisa ruwa, a babban bikin silima na birnin Cannes a ƙasar Faransa, cikin jerin fina-finan da aka keɓe ma zancen yanayi. An ɗauke shi a Tatiste, wani ƙauyen Fulani makiyaya a yankin Azawak, arewa da Adar. Fim ɗin ya bi wata yarinya 'yar shekara 14 wadda iyayenta suka tafi neman abinci nesa, suka bar mata ƙannenta. Kullum sai ta yi doguwar tafiya zuwa rijiya, abin da ke tauye karatun yaran ƙauyen. Sunan fim ɗin yana da ma'ana mai ɗaci: a ƙarƙashin ƙasar da suke takawa akwai ruwa mai yawa, amma yana da zurfin da igiya da guga ba su kai, sai da injin haƙa. Don haka ne mutanen ƙauyen suka haɗa kai suka nemi a yi masu rijiyar burtsatse.

Ba yau silimar Nijar ta fara duban fari ba. Marigayi Mustafa Alasan, wanda ya zauna Tawa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, ya fito da Toula a zamanin babban farin 1973 da 1974. Tatsuniya ce daga rubutun Bubu Hama: aka ce sai an ba da budurwa ga iskan ruwa kafin ruwa ya samu, saurayinta ya fita neman ruwa don ya cece ta, ya dawo a makare. Shi ma Sani Magori, ɗan Galmi, wanda ya karanci aikin gona kafin ya kama silima, ya yi fim bisa noman albasa a 2008, sannan ya yi Kukan Kurciya, inda wata tsohuwar zabiya ta bi 'yan ci-rani har Abijan tana kiransu da waƙa su komo gida. Da Hausa mutanen fina-finan nan biyu suke magana.

To amma ƙishirwa rabin labarin Adar ce. Ɗaya rabin shi ne aikin da talakawa suka yi da hannunsu. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, don kare gonaki daga iska. A 1984 aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da Majalisar Ɗinkin Duniya. Aka jera duwatsu a gangare, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin, domin mazan suna ci-rani. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka komo suka inganta tassa. Dabarar ba ta da wuya: a haƙa rami a fako tun da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki. Gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya tsaya ya nutse, hatsi ya tsiro inda ko ciyawa ba ta fita a da.

Abin lura a nan shi ne, ido ne ya koyar da manoman Illela. Sun gani, sun gaskata, sun aikata. Gani ya kori ji. Ba kowane manomi ne za a iya sa wa a mota a kai shi Yatenga ko Keita ba, amma fim yana iya kai Keita har Cintabaraden da Abalak a dare ɗaya. Manomi ɗan Burkina, Yakuba Sawadogo, duniya ta san shi ne ta wani fim na 2010. Mai haƙa tassa a Badagishiri bai gaza shi cancanta ba.

Saboda haka kira ya hau kan magabata da ma'aikatan gona da na gandun daji: a nemo waɗannan fina-finai, a juya su cikin Hausa da Fulatanci da Buzanci, a kai su dandalin gari da makarantu da cibiyoyin yaƙi da jahilci. Mustafa Alasan ya taɓa yawo ƙauye-ƙauye da injin majigi. Yau farin ƙyalle da allon hasken rana sun isa. Bayan an nuna, a zauna a tattauna, wanda ya iya rubutu ya rubuta shawarar da aka yanke, a miƙa ta ga hukuma. Samari kuma masu salula a aljihu su ɗauki hoton fako kafin aiki da bayan damina, su ɗauki muryar dattawan da suka ga 1973 da 1984 tun suna raye.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.