Yadda kwamfuta ta koyi sa wa mutum riga

A shekarar 1997 kamfanin Pixar na Amurka ya fitar da gajeren fim ɗin katun mai suna Geri's Game, labarin wani tsoho da ke buga darar Turawa shi kaɗai. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar, amma abin da ya ɗauki hankalin masu sana'ar shi ne kwat ɗin da ke jikin tsohon. Ba da hannu aka zana tattarewarta ba. Lissafi ne ke sa ta lanƙwashe idan ya sunkuya, ta saki idan ya miƙe.

Kafin nan gudun tufa mai yalwa ake yi, sai a manna wa mutumin katun na kwamfuta kaya matsattsu. Jiki yana da gaɓoɓin da za a kama a juya, yadi kuwa ba shi da ƙashi. Dabarar da aka samo ita ce a ɗauki yadin a matsayin raga mai dubban ɗigo, kowane ɗigo da ɗan nauyinsa, an kuma ɗaure shi da na kusa da shi. Nauyi na jan su ƙasa, iska na tura su, jiki na tokare su, kwamfuta kuma na lissafa inda kowanne zai koma a ƙiftawar ido ta gaba.

Matsalar tana cikin halin yadin kansa. Yana naɗuwa cikin sauƙi, amma ba ya yarda a ja shi ya ƙara tsawo. Wannan taurin kan rikita lissafi, ɗigogin su yi ta tsalle har rigar ta tarwatse a allo, sai fa idan an bi abin da taku ƙanana ƙwarai, aikin ya ci lokaci. A 1998 David Baraff da Andrew Witkin na jami'ar Carnegie Mellon suka wallafa hanyar yin manyan taku ba tare da lissafin ya wargaje ba. Dukansu sun koma Pixar, kuma aikinsu ya fito a burmemiyar rigar wata yarinya mai suna Boo a fim ɗin Monsters, Inc. na 2001.

Har gobe abin da ya fi wahala shi ne karo. Yadi ya matse a hammata ko a bayan gwiwa, ya nutse cikin jiki ko ya ratsa kansa. A fim ɗin Coco na 2017 an sa wa ƙwarangwal kaya, yadin ya riƙa maƙalewa tsakanin ƙasusuwa, sai da aka sake gyara tsarin. Masu fim suna da sararin jira, hoto 24 ne a daƙiƙa kuma ana iya barin injin ya kwana yana lissafi. Wasannin bidiyo kuwa kan nemi hoto 60 a daƙiƙa nan take, shi ya sa sau da yawa gefen riga ko alkyabba kaɗai ake bari ya kaɗa.

Manhajar da ta fi burge ni ita ce Marvelous Designer ta kamfanin CLO na Koriya ta Kudu, domin ta mayar da aikin hannun tela. Za ka yanka gaba da baya da hannuwa a shimfiɗe, ka nuna inda ɗinki zai bi, sannan kwamfuta ta haɗa su a jikin mutumin. Wanda bai san yanka ba, rigarsa ba za ta zauna ba, komai tsadar na'urarsa. Blender ma, wadda kyauta ce, tana da nata tsarin yadi.

Matashin da ke son yin katun da mutanenmu zai haɗu da wahalar yadi tun a babbar riga. Faɗinta ya kai ana naɗe hannuwanta a kafaɗa, yadi a kan yadi, wato wurin da lissafin karo ya fi shan wuya. Shaddar da ta sha bugu ba ta zuba kamar siliki, kuma aikin da ke ƙirji ya fi sauran rigar nauyi da tauri. Dole ya saita nauyi da taurin kowane sashe da kansa, ya kuma zauna da telan da zai nuna masa yadda ake yanka ta.