Yadda Ake Haɗa Lantarki da Ƙwayoyin Halitta Wajen Raba Ruwa da Dattin Man Fetur

Duk wanda ya taɓa bi ta bayan garejin kanikawa ko wurin wankin motoci da damina ya san maiƙon nan mai launin bakan gizo da ke shimfiɗe a kan ruwan kwata. Wannan ruwa ba ya tsayawa a nan. Yakan gangara cikin rafi har ya isa fadamar da ake noman rani, ko kuma ya tsattsafa cikin ƙasa ya sadu da rijiyar da jama'a ke sha. Masana na kiran sinadaran da ke cikin maiƙon da suna haidirokabon, kuma su ne ainihin abin da ya haɗa fetur da kalanzir da man dizal da baƙin mai.

Haɗarin ba ƙarami ba ne. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, wato benzin, yana haddasa sankarar jini, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 0.01 a kowace litar ruwan sha. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 a kan ƙasar Ogoni ta Jihar Ribas ya nuna cewa a rijiyoyin Nisisioken Ogale an sami benzin ya ninka wannan ƙa'ida fiye da sau 900. A nan Arewa ma batun ba baƙo ba ne, domin matatar mai ta Kaduna da aka buɗe a 1980 tana kusa da rafin Romi da ke malalawa cikin Kogin Kaduna, kuma a shekarun da take aiki nan ne ruwan da ta gama amfani da shi ke fita.

Raba mai da ruwa yana da sauƙi idan man yana yawo a sama, domin da an tsayar da ruwan a cikin tanki sai ya taso a kwashe. Matsalar ita ce man da ya gauraya da sabulu ko omo, kamar na wurin wankin mota. Irin wannan yakan tarwatse ya zama ƙananan ɗigo da ido ba ya gani, ya mayar da ruwan fari-fari kamar tsinkakken nono, kuma ko an ajiye shi kwana da kwanaki ba ya tasowa. Bayan wannan akwai kuma sinadaran da suka narke sarai a cikin ruwan.

A nan ne lantarki ke shigowa. Ana jera faifan alminiyon ko na ƙarfe a cikin tanki, a bar 'yar tazara a tsakaninsu, sannan a sakar musu wuta mai tafiya ta hanya guda, irin wadda batir ko faifan sola ke bayarwa. Faifan da ke ɓangare ɗaya yakan riƙa narkewa sannu a hankali, abin da ya narke kuma ya zama wani kauri mai danƙo da ke tattaro ɗigon man ya dunƙule su. Wanda ya saba jefa alam a cikin randa don ruwan gulbi ya kwanta ya riga ya san wannan aiki, bambancin kawai shi ne a nan tankin ne ke samar da nasa alam ɗin. A ɗaya ɓangaren kuma ƙananan kumfar iskar haidirojin ke fitowa, su ɗauko dunƙulen su kawo shi sama a yaɗe. Akwai kuma wasu faifai na musamman, masu tsada, da ba sa narkewa, waɗanda aikinsu shi ne farfasa sinadarai masu taurin kai su zama ƙanana. Dabarar ba sabuwa ba ce, don tun a 1889 aka gwada tace ƙazantaccen ruwa da lantarki a birnin Landan.

Sai dai kuma lantarki kaɗai ba ya gama aikin cikin rahusa. Yana kwashe kaso mai yawa cikin mintuna, amma cire ragowar da ta narke yana cin wuta ƙwarai, kuma kowa ya san yadda sha'anin wuta yake a ƙasar nan. Saboda haka ake miƙa ruwan ga mataki na biyu, wato ƙwayoyin bakteriya masu cin mai, irin su jinsin Pseudomonas da Rhodococcus, waɗanda ake samu a cikin ƙasar da mai ya daɗe yana zuba. Ana kiwon su a tankin da ake hura wa iska, a ba su ɗan sinadarin naitirojin da fosfaras, wato irin abin da ke cikin takin zamani, su kuwa su mayar da man ya zama ruwa da iskar kabon. Masana kimiyya biyu, Ardern da Lockett, su ne suka bayyana wannan tsari na tanki mai iska a Manchester ta Ingila a 1914.

Su ma ƙwayoyin suna da nasu rauni. Idan aka kwararo musu ruwa mai maiƙo da yawa, man yakan lulluɓe su ya tare musu iska, dafin wasu sinadarai kuma ya kashe su, kuma kafin tankin ya farfaɗo akan ɗauki makonni. Wannan ne dalilin da ya sa galibi ake sa lantarki a gaba: ya rage nauyin da dafin, ya bar wa ƙwayoyin abin da za su iya ci. Wajibi ne kuma a lura da gishiri, domin idan ya yi yawa a ruwan, wutar kan haifar da kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin da ake son rayawa.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne dagwalon da aka yaɗe. Man bai ɓace ba, ya dai tattaru ne a wuri guda tare da ɓurɓushin ƙarfe. Zuba shi a gona da sunan taki, ko a kududdufi, mayar da hannun agogo baya ne. Ya kamata a shanya shi a kan daɓen siminti, a miƙa wa hukumar kare muhalli ta jiha.

Ana jawo hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da dagatai da ma'aikatan duba-gari cewa irin wannan na'ura ta fi dacewa da inda kanikawa ko masu wankin tankoki suka taru da yawa, inda za a iya haɗa kuɗin faifai da na mai kula da ita. Ga ƙaramin gareji, matakin farko shi ne tara baƙin mai a cikin duro, da gina rami mai ɗakuna biyu ko uku a bakin kwata don tare maiƙo. Wanda kuma ya ji warin fetur ko kalanzir a rijiyarsa, ya daina sha nan take ko da an tafasa ruwan, ya kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa domin a sanar da hukumar NOSDRA, wadda aka kafa a 2006 don kula da malalar mai.