Komin ta Urafane: ikon da doka ta ba ta, da nauyin da ke kan jama'arta

Urafane tana arewacin gundumar Tasawa, cikin jahar Maraɗi. Daga yamma ta yi iyaka da gundumar Mayahi, kuma ƙasarta ta taɓa ta jahar Damagaram. Ƙasar gero ce da wake, kuma hanya ce ta bisashe: da damina garkuna su hau arewa, da kaka su gangaro. A wuri irin wannan, inda manomi da makiyayi ke shan rijiya guda, sanin doka wajibi ne.

A dā, mafi yawan al'amuran mulki sai an kai su gaban superfe a Tasawa. Doka mai lamba 2002-014, ta ran 11 ga Yuni 2002, ita ce ta kasa ƙasar Nijar zuwa ƙananan hukumomi 265, waɗanda muka saba kira komin, har da Urafane. Ran 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen farko na ƴan majalisunsu. A shekarar 2010 kuma aka tattara dokokinsu cikin kundi guda.

To, mene ne ikon komin? Na farko, doka ta ɗauke ta tamkar mutum: tana mallakar dukiya, tana tsara kasafin kuɗinta, tana kai ƙara, ana kuma kai ƙararta. Na biyu, ita ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Na uku, ita ke kula da kasuwanni da mahauta da tsabtar gari. A 2016 gwamnati ta zartar da miƙa wa komin wani sashe na aikin makarantu, da kiwon lafiya, da ruwan sha, da kare muhalli. Amma ikon nan yana da linzami, domin perfe yana duba kowace shawara, ya ga ko ta dace da dokar ƙasa. Sarakunan gargajiya kuwa, kundin ya ba su kujera a majalisa don su ba da shawara, ba tare da jefa ƙuri'a ba.

Inda aikin ya fi nauyi a Urafane shi ne sha'anin ƙasa. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi hukumomin filaye, kuma akwai su har matakin komin da ƙauye. Su ke rubuta saye da aro da jinginar gona, su ke shata burtali da makiyaya da mashaya. Dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Saboda haka wanda ya nome burtali ya taka doka, haka nan wanda ya saki garke cikin gona kafin ranar da hukuma ta tsaida. Rigakafi ya fi magani: takarda ɗaya da aka rubuta gaban shaidu tana kashe rigimar da za ta iya cin rai.

Jama'a su ma da nasu nauyi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Komin da ba a biya ta lanho da kuɗin kasuwa ba, ba ta gina aji, ba ta gyara famfo. Mai biya kuma ya karɓi rasiɗi, ya adana. Uba ya kai sanarwar haihuwa cikin kwana 60 da dokar 2019 ta yanka, don yaron da ba shi da takarda yakan sha wuya ranar jarrabawa.

A watan Afrilu 2024 hukumomin ƙasa suka rushe majalisun da aka zaɓa a Disamba 2020, aka naɗa kantomomi a madadin magaddan gari. Wannan ya sauya mai riƙon hatimi, amma bai shafe komin ba, bai kuma ɗauke wa kowa nauyinsa ba. Kuɗin da ke shiga asusu na talakawa ne, kuma tambayar inda suka tafi haƙƙi ne, ba rashin ladabi ba.

Ya ku waɗanda suka yi yaƙi da jahilci, alƙalami yana hannunku. Ku karanta wa maƙwabta sanarwar da aka liƙa a ofis, ku duba musu rasiɗi, ku raka su wajen rubuta gona. Ku kuma ma'aikata, ku fassara wa mutane doka da harshen da suke ji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.