Lambun Limbe, Gonar Gwajin Jamusawa

Idan aka ce wa mutumin ƙasar Hausa "lambu", tumatir da albasa ne za su faɗo masa a rai, irin na masu noman rani da ruwan Tiga. To, akwai lambun da ba a tsinkar ko ganye ɗaya a kai kasuwa. A Limbe yake, bakin teku a Kamaru, gindin wani dutse mai aman wuta da tsayinsa ya haura mita 4,000.

Jamusawa ne suka kafa shi a 1892, bisa jagorancin masanin tsirrai Paul Preuss. A lokacin sunan garin Biktoriya, sai a 1982 ya koma Limbe. Kada inuwar wurin ta ruɗe ka, ba don shan iska aka yi shi ba. Gonar gwaji ce. A kawo koko da kofi da roba, da itacen da ake tatso maganin zazzaɓin cizon sauro daga ɓawonsa, a dasa, a zuba ido. Wanda ƙasa ta karɓa sai a baza shi a gandayen Turawa da suka kewaye dutsen, filayen da aka ƙwace daga hannun ƙabilar Bakweri. Wannan babin ne masu yabon lambun suka fi saurin tsallakewa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yankin ya faɗa hannun Ingila, aka riƙa mulkinsa tare da Najeriya har ƙuri'ar raba gardama ta 1961, wadda ta haɗe shi da Kamaru. Da ta faɗi ɗaya gefen, da yau ziyarar cikin gida ce.

Mai zuwa ya riƙe laima. A Dibunsha, nan kusa, ruwan shekara kan kai milimita 10,000, wajen ninki goma na daminarmu. Ga kogi ya ratsa lambun, ga baƙin yashi a gaɓar teku, abin da dutsen ya amayar. Amma ni abin da zan ce a tsaya a duba shi ne ƙananan allunan da ke jikin itatuwa, masu ɗauke da sunan kimiyya da Latin. Namu ma ba su tsira daga wannan rijistar ba. Ɗorawa, a littafin masana, sunanta Parkia, wato an yi mata takwara da Mungo Park, Baturen da ya bi kogin Kwara, alhali tun ba a haife shi ba matan ƙasar Hausa ke dafa kalwa su yi daddawa.