Jiran Likita ko Bai Wa Nas Dama: Wanne Ya Fi Wa Mai Ciwon Daji a Filato?

Jihar Filato tana da ƙananan hukumomi 17, amma ƙwararrun likitocin ciwon daji kusan duk a Jos suke, galibi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Matar da ta ji ƙullutu a mamanta a Wase ko Shendam sai ta tara kuɗin mota ta hau tsauni zuwa Jos. Shekara da shekaru kuma, wanda aka rubuta wa gashi da na'ura sai ya wuce Abuja ko Zariya. A irin wannan hali akwai tsari biyu da ya kamata a ɗora a sikeli.

Na farko shi ne wanda muka saba: komai sai likita ya ce. Amfaninsa a fili yake. Likita ne ke yankar tsoka a kai ɗakin gwaji, shi ke tantance matakin da cutar ta kai, ya yanke ko tiyata za a yi ko kemo. Kuskure a nan rai ne, don haka ba aikin da za a miƙa wa kowa ba ne. Illarsa ita ce jira. Likitoci kaɗan ne, wasu na barin ƙasar, layi kuwa kullum ƙara tsawo yake. Kafin ranar ganin likita ta zo, ciwo ya yi nisa, ko an koma wajen mai maganin gargajiya.

Na biyu shi ne a bai wa nas horo mai zurfi, sannan a ba ta ikon duba marar lafiya da yanke wasu shawarwari da kanta. A Amurka aka faro shi a 1965, a Jami'ar Kolorado, ta hannun Loretta Ford da Henry Silver, saboda ƙarancin likitoci. Zambiya ta gwada irinsa tun 2006, inda malaman jinya suka riƙe gwajin sankarar bakin mahaifa. Aikin ba ya buƙatar babbar na'ura. Nas za ta shafa ruwan binega a bakin mahaifa, ta jira minti guda, inda cutar ta soma sai ya yi fari fat. Ana iya yin wannan a Mangu ko Langtang. A Najeriya, inda wannan sankara ta kashe mata wajen 8,000 a 2020, ba ƙaramin abu ba ne.

Ko a ɗakin kemo, nas ce ke duba sakamakon jini kafin a ɗaura ruwa, ita ke lalubo jijiya a hannun da ya sha huji, ita ke lura da gyambon baki da amai. Ita ce kuma za ta zauna da maigida ta fahimtar da shi da Hausa ko Birom cewa zubewar gashi ba alamar mutuwa ba ce, kada a katse magani. Haɗarin tsarin shi ne a ɗora mata nauyi ba horo, ba doka mai kare ta, ba likitan da za ta kira idan abu ya gagara.

A ganina, ciwon daji ya fi cin mutanenmu ta wuri biyu: zuwa a makare da barin magani a tsakiya. Duka biyun a hannun nas maganinsu yake. Najeriya ta riga ta amince da manufar raba ayyukan lafiya tun 2014. Abin da ya rage wa Filato shi ne ta horar da malaman jinya a fannin sankara, ta rubuta musu iyakar ikonsu, ta ajiye su a manyan asibitocin ƙananan hukumomi da layin kai tsaye zuwa Lamingo. Tiyata da zaɓen magani su zauna wajen likita. Gwajin farko, turawa da wuri, rage raɗaɗi da bibiyar marar lafiya har gida a bar wa nas, a kuma biya ta daidai da nauyin.